Jarka Uku a Lagdo

Kafin ladan ya yi kira na biyu
na riga na kwance igiya.
Jarka uku, ruwan ɗorawa, ɗaure da dutse,
su ne alamomina a kan tafki.

Masunta na dariya daga kwale-kwale:
"Ladidi, ina kifin?
Jirgin da ba ya ɗaukar koma
da me ya fi ƙwarya?"
Ban tanka ba. Iska nake saurare,
ta bayan kunne take fara sallama.

Hamajoda na gaɓa, agogo a wuya,
bakinsa bai iya yabo ba.
Jiya sau tara na kife,
sau tara na tayar da jirgin, ina tari.
Ya ce: "Saura ɗaya."

Tafin hannuna ya yi kanta,
lalle ya daina kama shi.
Dorina ta ɗago kai gab da jarka ta biyu,
na kauce, daƙiƙa shida suka tafi.
Har wannan ya rubuta.

An ce ruwan teku da gishiri,
yana tafiya yana dawowa kamar mai bin bashi,
jirage sittin a layi guda,
kowa da tutar ƙasarsa.
Takardar gayyata na cikin leda ƙarƙashin katifa:
Kribi watan gobe,
in na tsallake, sai inda fasfo ya kai ni.

Yau dai iska ta yi yaji.
Mayafin jirgi ya saki kamar wanki a igiya,
ni da shi muna zaune tsakiyar ruwa.

Can wajen duwatsu
fuskar tafki ta soma yamutsewa.
Na gyara zama.