Raga a Cikin Ƙirji

Shekara arba'in ina ɗinkin raga a bakin tekun Peniche,
ban taɓa zaton ni ma za a ɗinka mini ba.

Ta wuyan hannu suka shiga.
Ina kwance, ido biyu,
ina kallon jijiyar zuciyata a jikin allo
kamar rafin da rani ya tsotse.
Suka buɗe 'yar ragar ƙarfe a cikinta,
jini ya wuce da gudu.
Na koma hawan tudun coci ba tsayawa.

Wata bakwai.
Sai nauyin nan ya dawo,
dutse a ƙirji, tsami a muƙamuƙi.
Ina tsaka da gyaran tarun Anselmo
allura ta suɓuce mini.

Likita Barradas ya zana a bayan takarda:
"Wayar farko kauri gare ta, Dona Ermelinda.
Ta ƙuje bangon jijiya,
jiki ya yi ta tara naman tabo a kanta
har hanyar ta sake tsukewa."

Na ce, ɗana, ai wannan karatuna ne.
Igiya mai kauri ita gansakuka ke so.
Ruwa in ya bugi babban ƙulli
juyawa yake a bayansa,
ya sauke duk dattin da ya ɗauko.
Siririn zare kuwa ratsa shi yake
kamar bai gan shi ba.

Ya ajiye biro yana dariya.

Ta biyun, wayarta kamar silin gashi,
tana lanƙwasa inda jijiya ta lanƙwasa.
An shafe ta da magani mai naso a hankali
yana ce wa nama:
warke, amma kada ka yi gini.

"Ban yi miki alkawari ba," in ji shi.
"Ki sha ƙwayoyinki.
Sukarin jininki ma yana da baki a maganar."

Yau damina biyu ke nan.
Da asuba jiragen sadin na shigowa,
tsuntsaye na ihu a kansu,
ni kuma ina kan kujerata, zare a haƙori.
An ce haske ne ya yanka ragar, ba hannu ba.
Ko ma wane ne ya ƙirga idanunta,
ya san abin da uwata ta koya mini da duka:
kada ki ja ƙulli fiye da yadda ruwa zai yafe.