Haruffa Biyar

A ƙofar makarantarmu, gabas da Jahun,
akwai allon ƙarfe, tsatsa ta ci gefensa.
Haruffa biyar na Turanci suka tsira,
mukan ce "besik" mu wuce,
sauran rana da ruwa sun lashe.

Ran Talata, Hassi 'yar Gambo mai gishiri
ta ɗaga hannu: "Malam, mene ne besik?"
Na ce siffa ce, ba ta tafiya ita kaɗai,
Bature kan sa ta gaban suna
kamar jakin gaba a ayari.
Na buɗe ƙamus mai yagaggen bango,
na karanto: na farko, mai sauƙi, na asali.
Ta zauna.
Na san na ba ta farko, na hana ta ƙarshe.

Barau daga bencin baya ya ce,
"Yayana na Kano ya faɗa mini,
wayar da ba ta hoto, 'yar tocila,
ita ce besik. Abin talaka ke nan!"
Na ce haka ma ana faɗa,
kalmar tana ɗaukar raini in an ɗora mata.
Ban rufe baki ba,
da dariya aji ya fashe.

Sai Agusta ta zo da nata karatun.
Kwana uku sama ba ta ɗauke ba,
fadama ta shigo gari ba sallama.
Zauren mai unguwa da ya sha zane,
shagon tela mai koren fenti,
da asuba muka ƙirga,
katanga goma sha ɗaya a rushe.

Ɗakin Baba Haladu magini na tsaye,
mummuna, ko yaɓen kirki babu.
Na ce, "Baba, wace laya ka binne?"
Bai amsa ba. Ya ɗauko fartanya,
ya tone gindin bango har gwiwa,
ga marmara jere, baƙa, a cushe,
tun shekarar da aka haifi babata.
Ya ce, "Baƙo kan yabi daɓe,
ya yabi azara, ya yabi ƙyaure.
Ka taɓa jin wanda ya shigo gida
ya ce sannu da aiki, tushe?"

Litinin muka koma, benci duk laka.
Ban buɗe ƙamus ba.
Na ce abin da ba a ganinsa in yana nan,
in ya tafi kowa ya sani.
Baƙi da wasali kafin wasiƙa,
ɗaya da ɗaya kafin lissafin buhu.
Hassi ta ce, "Kamar gishirin babana,
ba a kiransa sai miya ta yi lami."
Barau bai ɗago kai ba.
Can ya ce, "Malam, daren ruwan nan
manyan wayoyi duk sun mutu.
'Yar tocilar inna ce ta kira mai kwalekwale,
da haskenta aka ga ƙanena,
da ita aka kwashe mu, aka kwashe..."

Hassi ta rubuta kalmar a littafinta,
ta sa tushe a gefenta, ta ja layi.
Sannan ta dubi bangon ajinmu,
inda tsaga ta hau har rufi,
ƙadangare na leƙe ta ciki.
"Malam, wannan fa, wa ya haƙa masa?"

Allin hannuna ya jiƙe,
maƙogwarona a bushe.