Sifili da Ɗaya

Biyun dare saura kwata a Kutaisi,
shayina ya huce ban sani ba.
Can Mestia, bayan duwatsu, awa biyar in hanya ta yarda,
akwai na'ura ƙarƙashin matakalar asibiti
mai ƙofa biyu.

Ɗaya, eth1, cikin gida take kallo:
firintar ɗakin magani, kwamfutar ungozoma,
allon da Dakta Tsiala ke duba karaya.
Ita ta rikice tun faɗuwar rana,
tana nanata magana guda kamar mai zazzaɓi
har ta toshe wa kowa kunne.
Maganinta kaɗan ne: a kwantar da ita, a ƙirga goma, a tashe ta.

Ɗayar kuwa, eth0, ta nan na shigo.
Igiyar gugata ke nan.

ip link set eth0 down

Yatsa ya riga ido.
Umarni zarar bunu ne.
Ba ta ce mini "kin tabbata?" ba.
An ce ta rufe, ta rufe,
da ni a waje.

Na aika sallama sau huɗu, sau ashirin.
Shiru, kamar an shuka dusa.

Jumber mai gadi ya ɗauka a kira na bakwai.
Shekara sittin da takwas, gwiwar hagu ba ta lanƙwasuwa.
Ina jin takalminsa na tauna dusar ƙanƙara,
ina jin mabuɗai: uku suka ƙi, na huɗu ya yarda.
"Akwati biyu ne, 'yata. Wanne?"
"Mai koriyar fitila."
"Duka kore ne."
"Na kusa da bokiti. Danna, riƙe, saki, sake dannawa."

Muka zauna jira, numfashinsa a kunnena.
Ya ce an haifi yarinya wajen sha ɗaya,
da kwamfuta ta ƙi, ungozoma ta rubuta nauyinta
a bayan hannu da biro.
Kilo uku da ɗoriya.

Can sai sallamata ta sami mai amsawa.

Na dubi madannai, gefen dama,
inda sifili ke kwance ƙarƙashin ɗaya kamar bai san komai ba.
Na sake rubuta umarnin,
na karanta wa Jumber shi harafi-harafi,
na ja ɗayan nan da ƙarfi.

Bai fahimci ko kalma ba.
Ya ce, "Amin," ya tafi neman bargonsa.