Itacen da Bai Taɓa Jin Ƙishirwa Ba

Bayan Kasuwar Katako, inda zarto ba ya shiru,
nan rumfata take.
Ni nawa katakon a naɗe yake zuwa,
cikin kwali, ta hanyar Lome,
mita guda jika huɗu.

Ranar Talata Seini ya kawo tsohuwar Marsandinsa.
Shekara talatin ya yi a gidan waya,
yanzu ya huta, yana son mota mai kama da falo.
Allon gabanta ya yi faso
kamar diddigen mai zuwa rijiya.
Ya ce, "Launin maɗaci, mai sheƙi.
In na tsaya a danja, a leƙo."

Sukurori goma sha ɗaya na kwance,
na zuba a gwangwanin tumatir.
Bayan rediyo na tarar da ƙwallon dabino,
dala biyar, da hoton wata mata
wanda ban tambaya ba.
Na goge maiƙo da fetur, na auna da zare,
na yanka da reza sabuwa.
Injin busar da gashi na aro wurin Hamsatu mai kitso,
don ledar ba ta lanƙwasa sai ta ji zafi.
Ana cikin haka wuta ta ɗauke.
To, ranar Yamai ba ta karɓar kuɗi:
na shimfiɗa a kan rufin motar, ta yi laushi kamar ƙullu.
Da ɗan yatsa nake korar iska zuwa gefe,
wadda ta ƙi fita in soke ta da allura.

Babana Nomau na zaune kan taya.
Daga Tawa ya zo a duba masa ido.
Shekara hamsin da gizago a kafaɗa,
babu gidan da ke ƙauyenmu
da ba a daka a turminsa.
Ya ce in kama hannunsa.

Ya shafa daga ƙofar direba zuwa ɗaya ƙofar,
ya kai hanci, ya ɗaga kai.
Ya matso da idon da ya rage masa.
"Wannan gaɓar na gan ta a can.
Ga ta nan kuma. Ga ta kuma.
Wane icce ne ke haihuwar reshe ɗaya sau uku?"

Na ce hoto ne, Baba.

Ya ce, "Na sani.
In ka sare kirya, shekarunta na ciki a jere.
Zoben damina mai faɗi ne.
Na shekarar da muka sayar da jaki muka ci dusa
siriri ne kamar gashi, amma shi ya fi tauri.
Naka bai taɓa jin ƙishirwa ba."

Ban amsa ba. Gara ba ta cin nawa,
na so in faɗa, na haɗiye.

Da la'asar ya nemi guntuwar taɓarya
da ake danne ƙofar rumfa da ita.
Bai ƙara magana ba sai da aka kira magariba.
Ya miƙo mini wani abu kamar ƙwan zabo,
baƙi-baƙi, da tabon wuƙa a gefe ɗaya.
Na huda, na ɗaura a kan sandar giya.

Seini ya zo da safe, ya zagaya sau biyu,
ya ga fuskarsa cikin allon, ya yi dariya.
Sai ya nuna kan giyar.
"Wannan fa? Bai dace da sauran ba."
Na ce in cire?
Ya ce bari ya gwada tukuna.

Wata huɗu ke nan.
Jiya ya wuce ta gaban rumfa, ledar ta ɗan ɗaga a kusurwa,
dole in sake mata gam.
Ƙwan zabon kuwa ya fara sheƙi
daidai inda tafin hannu ke sauka.