Idon Hagu

Shekara talatin ina tuƙa tankar madara
a hanyoyin ƙauyukan Wisconsin,
ban san da wane ido nake kallon duniya ba
sai ranar da Marlys Dombeck ta tsai da ni a shagonta,
ta ce in haɗa tafukan hannuna, in bar 'yar kafa,
in leƙi agogon bango.
"Rufe na dama." Agogo na nan.
"Rufe na hagu." Agogo ya gudu.
Ta ce, "Orrin, hannunka na dama ne, idonka bahago.
Ido za mu bi. Hannu ya koya."

Ta auna ni daga yatsa zuwa yatsa kamar tela,
ta sauko da baka mai gargare biyu,
igiyoyinsa a sarƙe, ba ka gane farko balle ƙarshe.
Ta sassauta masa kusoshi.
Na ce ta ƙara, ni ba yaro ba ne.
Ba ta ko ɗago kai ba.
"Bakan da sai ka yi nishi za ka ja,
barewa ta ji ka tun daga gida.
Kuma kada ka taɓa sakin tsarkiya ba kibiya.
Ƙarfin da bai sami hanya ba, kanka zai dawo."

Farkon ja, dutse.
Tsakiya, dutse a kan dutse,
kafaɗa na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Sai gargare ya mirgina,
nauyin ya zube,
na tsaya riƙe da shi kamar ɗan tsako.
Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai kaya irin wannan,
wanda sai ka kai ƙarshen ƙarfinka yake rangwame.

Yuli, Agusta, bayan rumbun masara:
damin ciyawa, farantin takarda, yadi ashirin.
Tsarkiya ta zane ni a hannu,
shuɗi, sannan kore, sannan ruwan ƙwai.
Kibiya uku sun shige gonar waken Stuessy,
har yau ba su aiko ba.
Ta huɗu ta huda bokitin Ardith,
ta rataye shi a ƙofar kicin don baƙi su gani.

Hannun hagu, da bai san komai ba sai riƙe sitiyari,
ya fara gane gefen bakina,
inda tsarkiya ke zama, tana taɓa kan hanci.
Yau da gobe ba ta bar komai ba.
Wata yamma kibiya biyar suka taru a faranti
kamar 'yan gida ɗaya.
Na duba, ba kowa sai shanu.

Oktoba. Ganye ya yi ja, yana sauka.
Na hau bishiya tun da duhu, na ɗaure kaina da ita.
Sanyi ya ci yatsun ƙafa, ya fara gwiwa.
Kurege ya ruɗe ni sau biyu.

Ita kuwa ba ta yi motsin ganye ɗaya ba.
Kawai ga ta,
numfashinta fari,
kunne ɗaya a tsage.
Na ja. Dutse, dutse, sauƙi.
Zuciya tana dukan maƙogwaro.
Na ƙirga tazarar: kututture, ashirin.
Tana bayansa da goma sha biyar.
Ban taɓa zuwa can ba.
Faranti ba ya ɗingishi cikin daji kwana uku.

Marlys ba ta faɗa mini ba:
mai da tsarkiya ya fi jan ta wuya.
Nauyin da ya tafi yana jira a hanya,
ya fizge ni kamar bashi.

Ta ɗago kai.
Na rufe idon dama, tana nan.
Na rufe na hagu,
farar wutsiya tana tsallake waya.

Da rana Ardith ta same ni bayan rumbu
ina jan damin ciyawa baya.
Ta ce, "Ina naman?"
Na ce, "Riƙe mini bakin igiyar awo."