Kalma Ɗaya a Bakin Gwenda

A Milford Haven, inda iska ke ƙarnin kifi,
Gwenda na da kalma ɗaya: luk.
Gajeriya ce kamar tari,
amma tana juya ta kamar waina a tanda.

Da safe ta wurga wa yaro mai keke,
nan nufinta: hattara, ga mota!
Da hantsi ta ɗora wa Dilwyn sarkin cin bashi,
yatsa a sama: saurara,
tura ta kai bango.

Jikarta Cerys ta shigo da shuɗin gashi
da takalman sojoji,
wai wannan ne luk ɗinta na bana.
Ashe har ado kalmar ke ɗauka.
Gwenda ta ja tsaki, ta ƙara mata soyayyen dankali.

Da dare kalmar kan sassauta murya,
ta koma jinya: shayi, magani, bargo,
don Emrys, wanda ya shekara talatin
yana tsinkayar hazo daga saman jirgi.

Ta ce masa, luk, ni ce.
Ya duba. Ya daɗe yana dubawa.
Sannan ya tambaye ta ko ta ga matarsa.