K Mai Ladabi

Asabar a Sheffield, yayyafi ya ƙi tsayawa, ya ƙi zama ruwa.
Na shiga kantin na'urori da jiƙaƙƙen takalmi
da fam sittin da na ɓoye wa kuɗin haya.

Laifin kwamfutata ne.
Madannanta ba su san lanƙwasa ba:
in ce ƙasa, ta ce kasa,
in ce ɓata, ta ce bata.
Ran da na rubuta wa Yaya Kubura cewa na ƙi,
sai ga wayarta cikin dare:
"Naki? Nawa me?"

Yaron kantin, Callum, mai ɗan kunne ɗaya,
ya jero mini alluna uku.
Babban yana da fuskar gilashi, kana rubutu kana gani a wurin.
Da ya faɗi kuɗinsa sai da na dafa tebur.
Na tsakiya, in ji shi, alƙalaminsa na jin nauyin hannu
hawa-hawa, har dubbai.
Na ce, samari, ba taswirar duniya zan zana ba,
darasin magunguna ne,
sunan ƙwaya, awonta, da wanda bai kamata ya sha ba.

Ƙaramin baƙi ne wuluk, ba fuska,
faɗinsa bai fi faifai ba.
Hannu na nan, ido na can kan kwamfuta,
kamar mai tuƙa tuwo tana gadin ƙofa.
Layin farko ya hau tudu.
Na biyu ya gangaro kamar titin unguwarmu a Walkley.
A na uku
sai ga hannun Baba,
shekara talatin yana cika rasit a ofishin ruwa na Gusau,
ga ƙ ɗinsa mai dogon wuya
ta sunkuyar da kai tana gaisuwa.
Ban san na taho da shi ba.
A filin jirgi ba wanda ya ɗora shi a sikeli.

Callum ya leƙo. "Wannan wane harafi ne?"
Na ce, k ce, amma mai ladabi.

Fam arba'in da biyu.
Ya nuna mini tsinin alƙalami biyar a 'yar leda,
wai suna cinyewa da rubutu.
Na ce na sani. Na ga yatsun Baba.

Saura fam sha takwas: madara, burodi, kuɗin bas.
Na cusa kwalin cikin rigar sanyi, a ƙirji,
kada ruwa ya taɓa shi.
Litinin, ƙarfe tara, akwai lacca.